Merle da Allon Agoguna Tara

Duk garin Dinuba babu wanda bai san Merle Tuttle ya yi shekara goma sha biyu a masana'antar jirgin sama ba, domin shi da kansa ya bi kowa ya gaya masa, wasu har sau uku. Abin da ba ya faɗa shi ne aikin da ya yi a can. Shi ne mai zama a tagar sito, ya miƙa wa maƙera safar hannu da safe, ya karɓa da yamma. Amma in ka same shi ranar Asabar a shagon kofi, inda 'yan ƙungiyar tsofaffin motoci ke haɗuwa, sai ka rantse duk jirgin da ya ratsa sararin Kalifoniya da notin Merle yake tashi. Ba a taɓa ambatar wani aiki a gabansa ya ce bai iya ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, shi ne Barkono. Barkono jar mota ce ƙirar 1932, ta surukinsa Baba Orval. Tun tsohon yana saurayi ya tsinto ta a wata gonar lemo, ya yaye mata rufi, ya cire madigadi, ya dasa mata ƙaton inji, ya yi ta tsere da ita a busasshen tafki har kansa ya yi fari. Irinta ba su da wuya a kwarin nan namu. Abin da ya sa ake cire mata hula shi ne bangonta, wato farantin ƙarfen nan da ya raba inji da ƙafafun direba. Samarin zamaninsa duk sun lalata nasu, wannan ya yanka don inji ya shiga, wancan ya huda don waya ta wuce, har bango ya koma rariya. Na Barkono kuwa yadda ya baro masana'anta haka yake, ko tsinin allura ba a ƙara masa ba. Mutane kan taso tun daga Fresno don su leƙa shi kawai.

Da idon Baba Orval ya dishe, likita ya raba shi da sitiyari, sai ya kira 'yarsa Lorna da mijinta ya zaunar da su a baranda. Shekara goma sha tara ke nan da auren, amma tsohon bai taɓa kiran Merle da sunansa ba, ko da kuskure. Wannan abu yana ci wa Merle rai fiye da yadda yake nunawa.

"Mijin Lorna," in ji tsohon, yana kaɗa makulli. "Saura mako uku bikin zabibi. Ka kai ta filin nuni, ka dawo mini da ita yadda na ba ka. In ka yi haka, makullin nan ya zama naka. Abu ɗaya dai, kada ka taɓa mata bango."

Merle ya dafa ƙirji ya ce mutumin da aka amince wa da fiffiken jirgi ba za a koya masa riƙon tsohuwar mota ba. Lorna kuwa, wadda a cikin Barkono ta koyi tuƙi tana 'yar shekara goma sha huɗu, kuma ita ke riƙe wa ubanta ƙarfe in yana walda har ta fi shi iya ɗinkin ƙarfe, ta dubi makullin, ta dubi mijinta, ta tashi ta shiga ɗauko kofi. Babu wanda ya tambaye ta komai.

Kwana ɗaya Barkono ta yi a garejin Merle ya gano mata aibi. Agogo ɗaya tak gare ta, na gudu. Baba Orval da kunne yake sanin lafiyar inji, da hanci yake sanin zafinsa, Merle kuma ya ce wannan ƙauyanci ne. Zai ƙera mata allo na farin alminiyom, ya yi masa adon da'ira-da'ira irin na jirage, ya jera agoguna uku, na ƙarfin baƙin mai da na zafi da na batir, ya kafa shi a jikin bango ta wajen inji. In an cire bonet a filin nuni, alƙalan gasar su gani su suma. Bangon yana da huji huɗu na asali tun daga masana'anta, da su zai ɗaure allon, saboda haka alkawari yana nan daram.

Maƙwabcinsa Hagop Manukian, tsohon manomin inabi da ya sayar da gona ya rasa abin yi, ya ji ƙarar zarto. Ya jawo kujera ya ajiye a bakin shinge, ya ce ya daɗe bai je sinima ba.

Merle ya manna kwali a bango ya zana, ya yanke, ya ɗora a kan alminiyom. Kwana biyu ya yi yana murza guntun itace da yashin gogewa, da'ira bisa da'ira, har allon ya riƙa ɗaukar ido. Da ya kawo shi jikin mota, sai ga tsagar da ya bar wa sandar sitiyari tana dama, sitiyari yana hagu. Ashe ya kifar da kwalin wajen zanawa.

"Ingila za ka kai ta ne, maƙwabci?" in ji Hagop.

Merle ya ce wannan na gwaji ne, a masana'anta ba a taɓa amfani da na farko. Hagop ya ce ai in ya juya allon ya yi daidai. Merle ya ce ya juya ya ɓoye adon kwana biyu? Shi ya sa manomi ba ya ƙera jirgi.

Allo na biyu ya fito daidai, sai yanka gurbin agoguna. Hagop ya tambaya ko ba za a ɗaure shi a teburi ba kafin a sauke masa zarton da'ira. Merle ya ce gwanaye ba sa ɗaure aiki, hannu ne ke ji. Ya danna. Haƙoran zarto suka cije, allon ya fizge daga hannunsa ya fara juyi kamar farfela, Merle ya faɗa bayan firji. Can abin ya kuɓuce, ya fita ta ƙofar gareji, ya tsallake shinge da tazarar yatsa huɗu daga hular Hagop, ya sare kan tumatir shida a jere, ya shige ɗakin karen Hagop. Karen nan bai sake yarda ya kwana a ciki ba.

Hagop ya tashi ya tsince tumatirinsa ɗanye. Ya ce yanzu kam ya yarda Merle ya yi aikin jirgi, ga shi ya ga ɗaya ya tashi. Sannan ya matsar da kujerarsa bayan bishiyar ɓaure.

Ɗan guntun alminiyom da ya rage shi ya zama allo na uku, kuma a gaskiya ya yi kyau. Merle ya kai shi jikin bango, noti na farko ya shiga, na biyu ya shiga, na uku ya shiga. Na huɗu ya kauce da faɗin ɗan yatsa. Duk mai hankali allon zai sake hudawa, tunda nasa ne. Amma Merle ya dubi adon nan mai sheƙi ya ji ba zai iya ɓata shi ba. Ya waiga, ya ga Hagop ya shiga cin abincin rana. Ya gaya wa kansa huji ɗaya ne, ƙarami, kan noti zai rufe shi, tsohon da ba ya ganin hanya ina zai ga wannan.

Bango mai tudu ne a wurin, bakin injin huda ya zame ya huda can gefe. Ya sake, ya zame ta ɗaya gefen. Na uku ya shiga inda ake so, sai dai biyun farko sun leƙo ta gefen allo suna kallonsa. Merle ya zauna a kan taya, gumi ya jiƙa masa riga. Bai daɗe a haka ba dabara ta zo masa: allon ne ya yi ƙarami.

Shagon ƙarfe ya ce babu wani alminiyom sai bayan biki. Merle ya shiga kicin shan ruwa, idonsa ya faɗa kan babban tiren da Lorna ke gasa talotalo a ciki duk bikin godiya, wanda ta gada wurin mahaifiyarta. Ya auna shi da ido. Kafin Lorna ta dawo daga aiki ya yanke masa hannuwa, ya buge shi ya miƙe, ya fara murza masa da'ira.

Tire kam ya rufe ɓarna, har da saura. Sai dai agoguna uku a tsakiyar wannan fili sun zama kamar wake uku a faranti. Ranar Lahadi Merle ya tafi kasuwar tsofaffin kaya ya dawo da guda shida: na famfon rijiya, na tukunyar tururi, na murhun gashin nama, na jirgin sama mai auna nisa daga ƙasa, da wasu biyu da shi kansa mai sayarwa bai san abin da suke aunawa ba. Kowanne yana da ƙusoshi a baya da ke tokare bango su hana tire kwanciya. Wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Merle ya ɗauki injin huda ya ba kowace ƙusa hanya.

Da ya gama ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari ya ƙirga ɗigon hasken da ke shigowa. Goma sha ɗaya. Ya yanko baƙin salatif ya liƙe su ɗaya bayan ɗaya ta ciki, ya ce wurin da duhu, kuma babu alƙalin da zai cusa kansa nan.

Hagop ya leƙo ya daɗe yana kallon allon. Ya tambaya me ya sa yake girma kullum. Merle ya ce haka aikin ƙwararru yake, yana buɗewa ne da kansa. Hagop ya ce shi dai a gona in ya ga bandeji yana ƙara faɗi, ya san ba warkewa ciwo ke yi ba. Sannan ya nuna agogon baƙin mai, ya ce wannan siririn bututun tagulla ake ja masa daga inji, don mai da ƙarfinsa yake zuwa. Merle ya ce tagulla tsohon yayi ce. Shi bututu mai haske zai sa, don jama'a su ga mai yana hawa da idonsu. Da yamma Lorna ta tarar kifayen adonta sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, tiyon da ke hura musu iska ya ɓace. Ta tambaya, Merle ya ce ƙila kyanwa ce. Ta tambayi tirenta, ya ce ƙila ta ba wani aro. Ta ce to.

Ranar biki Merle ya isa fili tun ƙarfe bakwai na safe, ya faka Barkono a ƙarƙashin inuwa, ya cire bonet. Bai haɗa tiyon kifi ba sai da mutane suka taru, don a ga gwaninta. Ya kwance toshiyar mai a jikin inji, ya cusa tiyo, ya zura ɗaya bakin ta bayan allo, ya ɗaure da zaren waya, yana yi yana ba da labarin yadda ya taɓa gyara jirgin yaƙi da cokali.

Chuy Barragan, shugaban ƙungiya kuma babban alƙali, ya iso da ɗan madubinsa mai sanda wanda yake leƙa ƙarƙashin motoci da shi. Ya tsaya gaban agoguna tara ya tura hula baya.

"Wannan na mene ne, mutumina?"

"Zafin kan inji."

Chuy ya sunkuya ya karanta. "An rubuta kifi, kaza, naman sa. Injin naka bai ko kai kifi ba." Ya matsa ga na gaba. "Wannan kuma ya ce muna ƙafa ɗari huɗu a ƙarƙashin ƙasa."

Merle ya ce sai an tashi mota yake daidaita. Jama'a suka fara dariya, shi kuwa ya ɗauka sha'awa ce, ya ƙara buɗe ƙirji. Lorna ta iso riƙe da hannun ubanta. Ta dubi allon, ta ga wata 'yar lotsawa a kusurwa, inda tire ya taɓa faɗo mata shekarar da aka haifi ɗansu. Ta bi tiyon da ido har inda ya shige. 

Baba Orval ya sha farin wando da farar rigar ƙungiya wadda ya ajiye tun 1958, ba ya sa ta sai ranar nan. Aka zaunar da shi a kujerar gefen direba. Ya shafa ƙofa, ya shafa kujera, ya ɗaga hanci.

"Mijin Lorna, me ya sa motata ke ƙanshin talotalo?"

Merle ya ce masu gashin nama ne a can bakin fili.

Al'adar bikin ita ce da tsakar rana a busa jiniya, duk motocin da ke filin su tashi inji lokaci guda, kowa ya taka totur gwargwadon zuciyarsa. Motoci sittin ne a ranar. Barkono ta yi awa biyar a inuwa, inji ya huce, mai ya yi kauri, kuma ko ɗan koyo ya san mai mai sanyi ya fi turi, a hankali ake lallaɓa shi. Jiniya ta busa. Merle ya murɗa makulli ya taka totur har ƙasa, don kada wani ya fi shi amo.

Baƙin mai ya hau tiyon kifi, jama'a suka gani da idonsu kamar yadda ya yi alkawari. Allurar agogo ta buga ƙarshe, ta dawo sifili. Tiyo ya fizge ta bayan allo. Mai ya cika ɗan tsakanin tire da bango, ya nemi hanyar fita, ya tarar Merle ya riga ya tanadar masa. Salatif na farko ya tashi ya manne a gwiwar tsohon. Na biyu ya bi, na uku ya bi. Kafin ka ce kwabo, mai yana tsartuwa ta ƙarƙashin sitiyari layi-layi, a kan farin wando, a kan farar riga, har da gilashin idon Baba Orval.

Merle ya daskare, ƙafarsa na kan totur. Tsohon ne, da ya ji muryar inji ta sauya, ya miƙa hannu ya lalubo makulli ya kashe, ya zare. Na kusa suka kashe nasu, na nesa suka ga an taru suka kashe, fili ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar mai a kan ciyawa.

Baba Orval bai share fuska ba. Ya sunkuya a hankali, ya zura hannu ƙarƙashi, ya fara shafa bangon da ya shekara sittin yana karewa. Yatsansa ya faɗa huji.

"Merle," in ji shi.

Abin mamaki, Merle ya ji wani ɗan daɗi can ƙasan zuciya. Yatsa ya matsa.

"Merle."

Duk hujin da ya lalubo sai ya kira sunan. Daga na huɗu jama'a suka fara tayawa da ƙirga. Hagop ne ke ba da baki daga bayan taro. Chuy ya zura madubinsa yana tabbatarwa, yana gyaɗa kai. A wajen na bakwai Merle ya ce ai wasu jirage ma da gangan ake huda musu don iska, babu wanda ya ko waiga. Da aka kai goma sha ɗaya tsohon ya ƙara lalubawa ko akwai saura, bai samu ba. Ya miƙe zaune. Idonsa ya kawo ruwa, kuma ba mai ne ya shiga masa ba. Dariyar mutane ta mutu da kanta.

"Lorna," ya ce, "za su toshu?"

"Za su toshu, Baba. Aikin Asabar uku ne. In na goge na shafa fenti, sai mai laluben yatsa irinka zai sani."

"Ni zan sani."

"Kai za ka sani," in ji ta.

Tsohon ya juya makulli a tafinsa. Ya ce laifinsa ne, garin neman ɗa namiji ya tsallake maƙeriyar da ya haifa. Ya miƙa hannu ta saman kan Merle, Lorna ta karɓa.

Ta ari sifana wurin Chuy, ta kwance noti huɗu, ta zare allon ta miƙa wa mijinta, ta ce ya riƙe da kyau, a ciki zai ci talotalon bana. Ta mayar da toshiyar mai, 'yan ƙungiya suka kawo galan-galan aka cika inji, ta naɗe tiyon kifinta ta sa a jaka. Merle ya zagaya zai shiga, ya tuna Barkono kujera biyu gare ta. Lorna ta tashe ta a hankali, ta bar inji ya yi ɗumi, ta ja suka fita ita da ubanta, jama'a suna tafi.

Haka Merle ya kamo hanyar gida a ƙasa, tire a hammata, agoguna tara suna kaɗawa, mai yana ɗiga a takalminsa. Hagop yana biye da shi da kujerarsa ta ninkewa. Sun wuce layi biyu. A na uku kafaɗun Merle suka fara dawowa daidai.

"Ka dai ji da kunnenka, maƙwabci," ya ce. "Shekara goma sha tara. Yau ya kira sunana a gaban duk gari."

"Na ji," in ji Hagop. "Da ka ƙara huji ɗaya da ya cika dozin."